Ma'aunin da Mai Saye Ba Ya Gani

Tun daga shekarar 1962, lokacin da aka kafa gidan rediyon Kaduna, har zuwa zamanin da tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi na masallacin Sarkin Musulmi Bello ya zama abin jira a kowane azumi daga Sakkwato har Yola, akwai wata ni'ima guda a sha'anin rediyo wadda, saboda tsananin sabo da ita, ba a taɓa lissafa ta cikin ni'imomi ba, ita ce cewa na'urar da ke watsa murya ba ta san yawan masu saurarenta ba, kuma ba ruwanta da sanin. Ko mutum goma ne suka kunna akwatinsu ko miliyan goma, wutar da tashar ta sha ɗaya ce, albashin ma'aikata ɗaya ne, malami kuwa ba ya fargabar cewa yawan almajirai zai jawo masa bashi. Da al'amari ya koma kan intanet sai wannan ni'ima ta kau ba tare da an yi shelar kawarta ba, domin a nan kowane mai sauraro ana aika masa nasa kwafin ne shi kaɗai daga babbar kwamfutar da aka ajiye karatun a cikinta, wadda masu sana'ar ke kira saba, ta yadda idan mutum dubu suka buɗe wayoyinsu a lokaci ɗaya, to, murya dubu ce ke fita, kowace da nata lissafin.

Daga nan mas'alar ta taso, kuma mas'ala ce ta fikihu kafin ta zama ta injiniyoyi, domin duk inda kuɗi ya fita daga hannun wani ya shiga hannun wani, malaman mu'amala suna da tambayoyin da suka saba yi: mene ne abin da aka sayar, nawa ne gwargwadonsa, wa ya auna, kuma shin masu cinikin biyu sun san abin da suka ƙulla a kai? Wanda ya karanta babin ciniki a Risalar Ibn Abi Zaid ko a Mukhtasar na Khalil ya san cewa yawancin hukunce-hukuncen wannan babi suna kewaya abu biyu ne, riba da garari, kuma a cinikin hanyar intanet gararin ne ya fi shafarmu, wato kasadar da ke cikin sayen abin da ba a san haƙiƙarsa ko iyakarsa ba, wadda hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim ya zo da hani a kanta.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, abin da kamfanin hanya ke sayarwa ba ya ƙarewa da amfani. Gigabait ɗin da ya ratsa wayar gilashi da ke binne a ƙasa bai rage wa wayar komai ba, kuma da bai ratsa ba, da ba a adana shi don gobe ba. Kuɗin kamfani ya riga ya tafi tun ranar da ya haƙa rami, ya shimfiɗa waya, ya sayi na'urorin da ke rarraba saƙonni, ya ɗauki ma'aikata, ya tanadi wuta da man janareta. Girman wannan ɗawainiya kuwa sa'ar cunkoso ce ke yanke shi, wato ɗan lokacin nan na dare da kowa ya dawo gida ya buɗe bidiyo. Kamar ƙofar masallacin Juma'a ce, wadda magini ya faɗaɗa saboda sa'a guda a mako, alhali sauran kwanaki shida mutum ɗaya ɗaya ke ratsa ta, amma kuɗin katako da ƙarfe na faɗin duka aka biya. Saboda haka farashin da ake yanka wa mai ɗora murya ko hoto, ko da wane suna aka kira shi, haƙiƙarsa rabo ne na kuɗin wannan faɗi, kuma duk hanyoyin lissafin da kamfanoni suka ƙago ƙoƙari ne na amsa tambaya ɗaya, wa zai ɗauki nawa daga nauyin sa'ar cunkoso.

Hanya ta farko, wadda manyan kamfanonin ajiya irin su Amazon suka shahara da ita, ita ce a ƙirga duk abin da ya fita a yanka masa kuɗi. Shigar da kaya cikin rumbunsu kyauta ne, fitarwa kuwa, a cibiyoyinsu na Amurka, an daɗe ana biyan kimanin santi 9 na dala a kan kowane gigabait a matakin farko, farashin yana ɗan sauka idan kaya suka yi yawa. Lissafin ba shi da wuya ga mai alƙalami. Murya tsura, idan aka watsa ta a kan kilobit 64 cikin daƙiƙa, tana cin kusan megabait 29 a awa ga kowane mai sauraro. Mutum dubu kuwa gigabait 29 ke nan a dare ɗaya, wato wajen gigabait 860 a dare talatin, abin da bai kai dala 80 ba. Amma idan aka ce sai an ga fuskar malam da ta alaramma mai jan baƙi, aka watsa hoto a kan megabit 2, to, mai kallo ɗaya zai ci megabait 900 a awa, mutum dubu a dare talatin su ci gigabait 27,000, kuɗin ya haura dala 2,000. Malami ɗaya ne, karatu ɗaya, awa ɗaya, amma ganin fuska ya ninka kuɗin kusan sau talatin.

A zahirin fikihu wannan ciniki ba shi da aibi, domin Malikiyya sun halatta a sayar da tsibin hatsi a ce kowane sa'i dirhami kaza, ko da ba a san adadin sa'o'in da ke cikinsa ba lokacin ƙulla ciniki, tun da awo zai bayyana shi. Sai dai akwai bambancin da bai kamata a tsallake ba. Tsibin hatsi yana gaban mai saye, idonsa na ganin iyakarsa, shi kuwa wannan tsibi ba mai saye ke yanke girmansa ba, ba kuma mai sayarwa ba, jama'ar duniya ce da ba ta halarci majalisar ciniki ba. Idan wani karatu ya yi farin jini cikin dare aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya, ko kuwa wani mugu ya saki rundunar kwamfutoci suna ta jan fayil ɗaya don keta, mai shafi zai wayi gari da bashin da bai taɓa riya shi a zuciya ba. Ra'ayina a nan shi ne, irin wannan ciniki bai kuɓuta daga jahala ba sai an ba mai saye ikon ɗora rufi, ya ce idan lissafi ya kai kaza a dakatar, kuma a dakatar ɗin da gaske. Kamfanin da ke iya ƙirga kowane bait amma ya ce aika saƙon gargaɗi kawai zai iya, ba zai iya rufe ƙofa ba, ya zaɓi ya bar kasadar duka a wuyan wanda ya fi rauni. Ba kuma lallai ne a yi lissafi ta wannan hanya ba, domin a 2021 kamfanin Cloudflare ya sanar da rumbun ajiya mai suna R2 wanda ba a biyan kuɗin fitarwa daga cikinsa, abin da ya nuna cewa santi taran nan tsarin kasuwanci ne da wani ya zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce wadda ta fi daɗin ji a kunne, kuma ita na fi tuhuma, wato a ce wa mutum ya biya kaza a wata ya sha iyakar shansa, babu iyaka. Masu kare wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi daga littattafanmu, domin fukaha'u sun yi ittifaƙi a kan halaccin biyan kuɗin shiga gidan wanka ba tare da an ƙayyade ruwan da mutum zai zuba ko lokacin da zai ɗauka ba, haka nan shan ruwa daga salkar mai sayarwa alhali cikin mutane ba ɗaya ba ne. Alƙarafi, a cikin littafinsa Alfuruƙ, ya kasa garari kashi uku: mai yawa wanda aka haɗu a kan haninsa, kaɗan wanda aka haɗu a kan yafe shi, da matsakaici wanda a kansa aka yi saɓani. Gidan wanka yana cikin kashi na biyu, saboda al'ada ta riga ta san iyakar wankan ɗan Adam, mai gida da baƙo duk sun san ta, kuma babu wanda zai yini bakwai yana zuba ruwa.

To, amma mai watsa bidiyo ba shi da wannan iyaka ta ɗabi'a, kwamfutarsa ba ta gajiya kuma ba ta barci, kuma kamfani ya fi kowa sanin haka. Shi ya sa a ƙarƙashin babban rubutun da ke cewa babu iyaka za ka tarar da ƙaramin rubutu mai maganar amfani na adalci, wanda ma'anarsa ita ce akwai iyaka, kamfani ya san ta, kai ne ba a gaya wa ba, sai ranar da ka taka ta a rage maka gudu ko a rufe asusunka. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da malamanmu suka hana a cinikin ƙiyasi, wato sayar da tsibi ba awo, inda suka sharɗanta cewa masu cinikin biyu su daidaita a rashin sanin adadin, har suka ce idan ɗaya ya sani ya ɓoye, ɗayan yana da zaɓin warware ciniki ranar da ya gane. Abin lura ne cewa hukumomin da ba su taɓa jin sunan Khalil ba sun isa ga hukunci makamancin wannan: a 2014 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kai kamfanin AT&T ƙara a kan cewa ya sayar wa mutane data marar iyaka sannan ya riƙa rage musu gudu idan sun wuce wani adadi, kuma a 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 60. Ba na cewa haɗa mutane da yawa a kan faɗi ɗaya haramun ne, domin da ba a yin haka da intanet ta gagari talaka. Abin da nake cewa shi ne a faɗi adadin waɗanda aka haɗa, a faɗi inda iyakar take.

Hanya ta uku ita ce wadda manyan dillalai ke yi tsakaninsu, kuma da ita ake yi wa mai saba a cibiyar ajiya lissafi idan harkarsa ta girma. A ganin farko ta fi sauran sarƙaƙiya, amma ni ina ganin ta fi su kusa da gaskiya. Ga yadda take. Kowane minti biyar ana duba gudun abin da ke ratsa ƙofar mai saye a rubuta, wanda a wata mai kwana 30 zai ba da awo 8,640. A ƙarshen wata sai a jera su daga mafi girma zuwa mafi ƙanƙanta, a zubar da kashi 5 cikin 100 na sama, wato awo 432, daidai da awa 36, sannan a ɗauki awon da ya biyo baya a ce shi ne faɗin da mutum ya ci, a ninka shi da farashin megabit guda. Galibi akwai wani mafi ƙarancin adadi da mai saye ya yi alkawarin biya ko ya yi amfani ko bai yi ba. Hikimar tsarin ita ce yana auna abin da haƙiƙa yake jawo wa kamfani ɗawainiya, wato faɗi a lokacin cunkoso, kuma yana yafe wa mai saye awa 36 na ambaliya a kowane wata ba tare da tambayar dalili ba.

Sai dai a duba yadda wannan adalci yake faɗowa a kan mai tafsiri. Idan malam yana zama awa ɗaya kowane dare, awa 30 ke nan a wata, duk sun shige cikin awa 36 da aka yafe, sai lissafi ya fito kamar ba a yi taron ba. Idan kuwa ya ƙara rabin awa don amsa tambayoyi, ya zama awa 45, to, awa tara sun zubo waje, kuma waɗannan awa taran su ne za su yanke kuɗin watan duka, har da tsakar daren da babu mai saurare ko ɗaya. Rabin awa ya raba tsakanin kusan kyauta da cikakken farashi. (Wani abin dariya kuma shi ne, kamfani da watan Bature yake lissafi, azumi kuwa da jinjirin wata: a 2024 an ɗauki azumi a Nijeriya ran 11 ga Maris, dare 21 suka faɗa cikin Maris, sauran cikin Afrilu, ta yadda mai zaman awa ɗaya da rabi zai tsira a watannin biyu, alhali a shekarar da azumi ya dace da farkon watan Bature zai biya.) Wani zai ce wannan ai caca ce. Ni ban gan shi haka ba, domin ƙa'idar a bayyane take tun kafin ƙulla ciniki, mai saye yana iya ɗaukar alƙalami ya san makomarsa, kuma mafi muhimmanci, yana iya sa nasa ma'aunin a nasa ɓangaren ƙofar ya gwada da na kamfani. Kowace iyaka da aka shata tana da wanda ya tsaya dab da ita ta ciki da wanda ya tsaya dab da ita ta waje. Nisabin zakka ma haka yake, kuma ba wanda ya kira shi zalunci.

Wannan batu na ma'auni shi ne zuciyar mas'alar a wurina. Suratul Muɗaffifin ta yi narko ga masu cika awo idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, kuma Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a kan wannan laifi. Amma mai tauye mudu a kasuwa yana yin haka a gaban idon mai saye, yana fargabar a kama shi. A cinikin data kuwa mai sayarwa shi ne mai mudu, shi ne mai aunawa, shi ne mai rubuta sakamako, mai saye bai ga komai ba sai lambar da aka aiko masa. Ba na tuhumar kowa da tauyewa. Ina cewa ne shari'a ba ta taɓa barin ma'auni ga amanar mai sayarwa kaɗai ba, komai kyan halinsa, shi ya sa tun ƙarni na uku na Hijira Yahaya ɗan Umar ya rubuta Ahkamus Suƙ a ƙasar Ƙairawan yana ɗora wa shugaba nauyin daidaita ma'aunai, kuma daular Usmaniyya ta Sakkwato ta san muƙamin muhtasibi mai zaga kasuwa. Tsarin lissafin da ya ba mai saye damar auna abin da aka auna masa ya fi wanda ya hana shi, ko da na biyun ya fi araha.

Akwai kuma tambaya ta daban wadda ta fi ta da ƙura a duniya, ita ce wa ya kamata ya biya kuɗin hanya, mai magana ko mai sauraro. Yadda abin yake a yau, dukansu suna biya: mai shafi yana biyan kamfanin da ya ajiye masa saba, mai kallo yana sayen data daga nasa kamfanin, kamfanonin biyu kuma ko dai su haɗa wayoyinsu kyauta idan suna ganin amfanin juna, ko ƙarami ya biya babba. Amma tun 2005 Ed Whitacre, shugaban kamfanin wayar SBC a Amurka, ya fito fili ya ce ba zai yarda irin su Google su yi ta amfani da wayoyinsa a banza ba. A watan Fabrairu na 2014, bayan watanni da masu kallon Netflix a kan hanyar Comcast suka yi suna kukan hoto na tsayawa, Netflix ya yarda ya biya Comcast don a haɗa su kai tsaye. Gwamnatin Amurka ta yi ta kai da kawo a kan ƙa'idar daidaita saƙonni, wato hana kamfanin hanya fifita saƙon wani a kan na wani, ta kafa ta a 2015, ta soke ta a 2017, ta maido da ita a 2024, kotu ta rushe ta a farkon 2025. Koriya ta Kudu kuwa ta ɗauki ɗaya ɓangaren tun 2016, ta sa mai aikawa ya biya. SK Broadband da Netflix suka shafe shekaru a kotu kafin su yi sulhu a 2023, kuma a watan Fabrairu na 2024 dandalin watsa bidiyo na Twitch ya tattara ya bar ƙasar, yana cewa kuɗin hanya a can ya ninka na yawancin ƙasashe sau goma.

Hujjar masu wayoyi ba ta banza ba ce, kuma bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa 'yan kamfanoni kaɗan ne ke cika yawancin hanyar, su ke kwashe ribar talla da ta kuɗin wata, alhali mai haƙa rami shi ake zagi idan hoto ya tsaya. Ashe ba adalci ba ne wanda ya jawo nauyi ya taimaka wajen ɗaukarsa? Amsata ita ce, Netflix bai tura wa kowa fim da ƙarfi ba, mai kallo ne ya nema, kuma ya riga ya biya kamfaninsa kuɗin a kawo masa abin da ya nema daga ko'ina. Wanda aka biya ladan kawo kaya, sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa mai kayan shi ma sai ya biya, in ba haka ba a jinkirta, ya karɓi lada biyu a kan aiki ɗaya, kuma abin da ya ba shi ƙarfin yin haka shi ne babu wata ƙofa zuwa ga wannan mai kallo sai tasa. Idan kuɗin da mai kallo ya biya bai isa ba, a ƙara masa a bayyane ya gani ya yi zaɓi. Haɗarin da ya fi damuna ma ba a kan Netflix yake ba, domin shi yana da abin biya, har yana ba kamfanonin waya nasa kwamfutocin ajiya kyauta su sa a cibiyoyinsu. Wanda wannan tsari zai kashe shi ne ƙaramar makaranta ko gidan rediyon gari, waɗanda ba su da lauya balle wakili a teburin ciniki. Ba mamaki da yawancin malamanmu suka koma Facebook da YouTube inda ba a neman ko kwabo daga gare su, sai dai can ma akwai farashi, almajirai ne ke biyansa da idanunsu da bayanan rayuwarsu, kuma malam ba shi da cikakken iko a kan abin da za a nuna wa almajiri kafin karatunsa ko bayansa.

A ƙasarmu kuwa nisa ya ƙara wa mas'alar nauyi. Farashin sari na megabit guda a manyan cibiyoyin Amurka da Turai, wanda ya haura dala 1,000 a wata a ƙarshen shekarun 1990, ya faɗo ƙasa da dala ɗaya, amma wannan araha a bakin teku take tsayawa. Shekaru da dama waya ɗaya tak, SAT-3, ita ce ta haɗa Legas da Turai, har 2010 da Main One na Funke Opeke da Glo-1 suka iso, WACS da ACE suka biyo baya a 2012, Equiano na Google ya sauka a 2022. Faɗi ya yalwata a Legas, amma ɗauko shi zuwa Kano ko Maiduguri sai an bi ta ramukan da masu aikin titi ke tsinkewa, da kuɗin izinin haƙa da jihohi ke karɓa. Jamhuriyar Nijar kuwa, da ba ta da bakin teku, sai ta ratsa ƙasashen maƙwabta. An kafa cibiyar musayar intanet ta Nijeriya a 2006 domin saƙon da ya tashi daga gida zuwa gida kada ya je Landan ya dawo, amma muddin saba tana Frankfurt ko Amsterdam saboda can ne wuta ba ta ɗaukewa kuma haya ta fi sauƙi, to, karatun da aka yi a Zariya zai tsallaka teku sau biyu kafin ya isa kunnen mutumin Funtuwa, kuma kuɗin tsallakawar da dala ake biyansa.

Shin hukuma za ta yanka farashi? Hadisin Anas sananne ne, cewa kaya sun yi tsada a Madina aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi, ya ƙi, don tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Amma malamai da dama, cikinsu har da wasu daga Malikiyya da kuma Ibn Taimiyya a littafinsa na Hisba, sun fahimci cewa wannan a kasuwar da ƙofofinta ke buɗe ne, kuma idan sayar da abin da mutane ba su da makawa daga gare shi ya taru a hannun 'yan kaɗan, shugaba yana iya tilasta farashin da ya dace. Hukumar sadarwa ta Nijeriya tana da wannan iko, kuma da shi ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025, bayan kamfanoni sun yi kukan faɗuwar naira da tsadar man dizal, kukan da ba ƙarya ba ne. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin hukumar da ke yanka farashi da hukumar da ke gwada ma'auni, ta biyun zan ɗauka, domin farashin da aka yanka a kan gigabait ɗin da ba wanda ya tabbatar da cikarsa bai kare kowa ba.

Saura mas'ala ɗaya, wadda Risala ta ambata wajen maganar haya, cewa mai jirgin ruwa ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi da shi, ko da yake kuma ba a ɗora masa ramuwar abin da ya nutse ba da sakacinsa ba. Ran 14 ga Maris na 2024, kwana huɗu da kama azumi, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da Main One, suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, intanet ta raunana a ƙasashe da dama na yankin, bankuna suka tsaya cak a wasu wurare, gyara kuwa ya ɗauki makonni. Ba wanda zai ce kamfanoni su biya diyyar karatun da bai isa ba, domin abu ne daga Allah. Amma rabin hukuncin na farko yana nan: wanda ya biya kuɗin wata don a isar da muryarsa, aka yi kwanaki ba ta isa ba, yana da haƙƙin a sauke masa kuɗin waɗannan kwanaki. Manyan masu saye suna da wannan sharaɗi a rubuce cikin yarjejeniyarsu, ana mayar musu da wani kaso idan hanya ta yanke fiye da mintocin da aka amince, ko da yake sau da yawa sai sun rubuta sun nema cikin wa'adi, kuma ba tsabar kuɗi ake ba su ba, ragi ne a lissafin wata mai zuwa. Mai ƙaramin shafi da mai sayen datar wata ɗaya kuwa, galibi agogon wa'adinsu ci gaba yake yi da tafiya ko hanya na aiki ko ba ta yi, kuma ran talatin abin da ya saura ya ƙone, sai fa in mutum ya sake saye kafin wa'adin ya cika.